Sunan Baban Sisiliya

A motar Ajingi suka haɗu, ranar kasuwa, an cusa su kujera ɗaya kusa da buhunan gyaɗa. Motar ta faɗa rami, wani abu ya zame daga jakar wata yarinya. Habila malamin gona ya tsinta, ya miƙa wa dattijon da ke gabansa, a zatonsa carbi ne.

"Nawa ne," in ji yarinyar tana dariya.

Sai a lokacin ya lura da ɗan gicciyen da ke reto a jiki, sannan ya ga fuskarta. Har suka sauka bai ƙara kallon hanya ba.

Sunanta Sisiliya, nas ce a Gaya, 'yar Katolika. Shi kuwa ɗan ECWA ne gaba da baya. Kafin a cire gyaɗar bana, Habila ya fi direbobi sanin hanyar Gaya.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa, Mama Rifkatu, ta ce ba da ita ba. "Masu durƙusa wa Maryamu za ka kawo mini gida?"

"Mama, na tambaye ta. Ta ce ba bauta mata suke yi ba, roƙonta suke ta yi musu addu'a."

Mama ta taɓe baki, amma ta ce a kawo ta ta gani.

Abin mamaki, ba Mama ce ta ɓata lamarin ba, Habila ne da bakinsa. Sisiliya ta turo masa saƙo: "Malamina, ranar Asabar Baba zai cika shekara da rasuwa. Za a yi Misa a yi masa addu'a. Ina so ka zo."

Shi kuma, da ƙarfin karatunsa, ya amsa: "Sisina, wanda ya mutu ai ya gama. Addu'a ba ta isa gare shi. Zan nuna miki ayar."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Hankalinsa ya tashi, ya hau babur sai Gaya. A zaure ya tarar da Iya Hansai, mai gidan da Sisiliya ke haya.

"Ɗana, ni Musulma ce, ban san littafinku ba," ta ce. "Amma yarinya ta ce maka ubanta, kai ka ce mata aya? Ka taɓa tambayar ta ko sunansa?"

Kunya ta rufe shi. Bai taɓa ba.

Ranar Asabar ya shiga ɗan cocin su Sisiliya ya zauna a bencin baya. Da aka tashi karɓar jibin Ubangiji bai tashi ba. Bayan an fito ya tsaya gabanta.

"Sisina, ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu fahimtata daban ce. Amma na yi garaje. Ba ni labarinsa."

Idonta ya cika. "Sunansa Istifanus. Kullum shi ke kai ni makaranta a keke. In na yi masa addu'a, ji nake ban yar da shi ba."

"Mu kuma mun ɗauka yana hannun Ubangiji, ya huta."

"Da haka ka faɗa tun farko, da ban yi kuka ba."

Ya kwashe labarin ya kai wa Mama. Abin ya taɓa ta, don ita ma ta rasa uba tana ƙarama, a hannun kawu ta tashi. Sai ta ce, "Kawo ta."

Da kaka aka ɗaura aure, Fada da Fasto suna tsaye gefe da gefe. A wajen biki Mama Rifkatu ta karɓi lasifika.

"Mu a cocinmu ba ma yi wa mamaci addu'a," ta ce. "Amma muna godiya. Ya Uba, mun gode maka saboda bawanka Istifanus, wanda ya goya yarinyar nan a keke har ta zama 'yata. Ka albarkaci gidansu."

Duk wurin aka amsa da amin, har da Iya Hansai. Sisiliya ta kifa kanta a kafaɗar surukarta tana kuka, Habila na riƙe da hannunta.