Taɓon Da Ke Bin Mutum Gida

"Taɓo?" Abba ya sake tambaya, kofin gahawa a hannu bai kai baki ba. "Taɓo dai da na sani, wanda ake takawa?"

Fatimatuzzahra ta sunkuyar da kai.

"Sunayensa, Abba... tsofaffin sunayen da Turawan ƙauye ke kiransa da su. A kansu wata jami'a a Ingila ta ba Nu'uman gurbin digiri na uku."

"Ikon Allah! Wasu sun zo Riyad sun haddace hadisi, shi kuma ya haddace caɓi."

Ai kuwa ta san bakin wa ke cikin maganar nan. Basiru ne, ɗan aminin Abba, mai shagon waya a unguwar Ulaya, wanda ya daɗe yana jigilar dabino zuwa gidan ba a aike shi ba. Shi ya zauna ya tsara wa tsohon komai: wai Nu'uman ɗan malamin Turanci ne a wata cibiya, ko mota ba shi da ita, kuma in ya aure ta ƙasar sanyi zai kai ta.

Na ƙarshen nan gaskiya ne, shi ya sa ya fi ciwo.

"Ki saurare ni, Zahra." Muryar Abba ta yi ƙasa. "Iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, a ƙarƙashin tawa take. Ranar da kika bi shi, bizar fita ta ƙarshe za a buga miki. A nan aka haife ki, amma ba ki da ƙofar dawowa. Uwarki na kwance a ƙasar nan. Ki tafi ki bar ta? Ki bar ni?"

Ɗaki ta shige hawaye na rige-rige, ta kira Nu'uman.

"Habibti, me ya faru? Kuka kike?"

"Kana da sunan taɓo wajen talatin a kanka, amma ba ka da kalma ɗaya da za ka gaya wa Abba!"

Ya yi shiru. Bawan Allah, wannan shirun nasa ne ya fara sace mata zuciya, yau kuma ji take kamar ta shaƙe shi.

Ta tuna zuwansa na farko, da ya zauna a falo yana zuba mata labari idonsa na ƙyalli. Wai akwai *sleech*, lakar da kogi ke bari in ya janye, manoma su kwasa su kai gona. Akwai *slub*, mai kauri, wanda ke riƙe ƙafar keken doki. Sai wanda ya fi so, *clart*, kalmar mutanen arewacin Ingila, da masana suka bi ta shekaru ɗaruruwa baya ba su gano tushenta ba.

"Shi ne taɓon da ke manne wa takalmi ya bi mutum har gida," ya ce. "Mu ma a Haɗeja haka muke, laka daban, yumɓu daban, caɓi daban. Abin da ya riƙe ƙafar mutane, shi suke raɗa wa suna da yawa."

Ranar dariya ta yi har da riƙe ciki. Ita da ta tashi a bene a unguwar Nasiriya ta Riyad, tayil da kwalta kawai ƙafarta ta sani.

Yau babu dariya.

"Zahra, zan zo in durƙusa masa. In ma ajiye gurbin ne..."

"A'a! Shekara nawa kana nema? Ka ajiye saboda ni, ka wayi gari kana kallona kana tuna abin da na raba ka da shi?" Ta haɗiye kuka. "Ka tafi, hasken idona. Allah bai yi ba."

"Zahra, don Allah..."

Ta kashe wayar.

Makonni suka shuɗe. Janairun tafiyarsa na matsowa, ita kuma tana ramewa kamar mai jinya. Basiru kuwa, kai! Dabino ya koma kwali-kwali, har da turare, yana wani washe wa Abba baki yana "Ya Ammi, ya Ammi," wai baffansa. Ko leƙowa ba ta yi.

Sai ga ruwan Nuwamba, irin wanda Riyad kan daɗe ba ta gani ba. Kwana aka yi ana tafkawa, tituna suka koma rafi. Da safe Abba ya fice bai ce inda za shi ba.

Wajen azahar ya dawo, Zahra ta buɗe ƙofa ta yi turus.

Abbanta Malam Abdulmuttalib ne fa, direban ofishin jakadanci, mutumin da ko ƙura ba ta kwana a takalminsa. Ga shi jallabiya ta yi jirwaye, takalma sun yi nauyi da jan taɓo har idon sawu.

"Subhanallahi! Abba, ina ka shiga?"

"Maƙabarta. Na je in duba kada ruwa ya zaftare kabarin Ummanki." Ya zare su a bakin ƙofa. "Ya ɗan lotsa, na gyara."

Ta ɗauki takalman ta nufi banɗaki. Ta kunna famfo, sai hannunta ya ƙi gaba.

A garin nan ba a barin mata shiga maƙabarta. Tun ranar da aka fita da Umma, Zahra ba ta taɓa ganin inda aka kwantar da ita ba. Wannan jan abin da ya cika mata tafin hannu, sanyi ƙalau, shi ne mafi kusa da ta taɓa zuwa.

Ta durƙushe a wurin.

"Umma... Ummana..."

Ba ta san Abba na tsaye a bayanta ba sai da ta ji ya ja numfashi.

"Ba ki taɓa ganin wurin ba, ko?"

Ta girgiza kai.

"Astagfirullah. Na ɗaure ki a kan kabarin da ko ƙofarsa ba a bari ki taka." Muryarsa ta karye. "Ba don ita na hana ba, 'yata. Tsoron gidan nan nake ji in babu ke."

"To ni ba inda za ni, Abba! Wallahi na haƙura!"

"Na ga irin haƙurin, ya cinye miki kumatu." Ya goge ido da gefen hirami. "Addu'arki za ta same ta daga ko'ina. Ni kuma ai akwai waya. Ki ce wa mai taɓon nan ya turo manyansa."

Ya juya da sauri, don kada ta ga sauran.

Ta daɗe a durƙushe. Da jiƙaƙƙen hannu ta lalubo lambar da ta yi makonni tana kallo.

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Zahra? Habibti, ke ce?"

"Abba ya ce ka turo." Ta fashe da kuka. "Nu'uman... yau na gan shi. Wanda ke bin mutum har gida."

Ta ajiye wayar a gefe yana ta kiran sunanta, ta rage ƙarfin famfon, ta fara wanke takalmin Abba a hankali, da yatsunta.