Man Kwakwar Gidan da Aka Kore Ta

Litiana na durƙushe a kicin tana kankare kwakwa don miyar kifi, sai ta jiyo muryar yayar mijinta, Vasemaca, tun daga bakin ƙofa, tana kiran uwarsu Nana, wato mama a yarensu.

"Nana! Fito ki ga surukarki 'yar boko! Ga mitin ɗin da take zuwa Suva!"

Litiana ta goge hannu a zane ta fito, ta tarar da uwar mijinta, wadda take kira Nei, ta ƙura wa wayar Vasemaca ido. Hoton Litiana ne a zauren wani otal tana dariya, ga wani namiji mai kwat a gefenta.

"Nei, shi ne ya yi mana lacca ranar, kowa ya ɗauki hoto da shi..."

"Rufe min baki! Lacca ce haƙora a waje haka?"

Gidan su Sairusi, mijin Litiana, gidan matsar man kwakwa ne a garin Sigatoka tun kakanni. Tun da guguwa ta yaye rufin rumfar aikin, otal-otal ɗin da ke sayen man suka koma wani wuri, ko bayan an gyara ba su dawo ba. Kwalabe suka taru a ɗaki har suka yi ƙura. Litiana ta karanci tallata haja a jami'a, shi ya sa ta shiga ƙungiyar ƙwararrun masu wannan sana'a, duk wata take hawa bas zuwa taronsu a Suva, babban birni, ko za ta samo wa gidan mafita. Surukinta, Momo Isikeli, shi ya sa mata albarka a kan haka. To amma tun da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da shi, maganarsa ta daina fita, ba ta da sauran mai tsaya mata.

Sairusi ya dawo daga gona da gwaza a kafaɗa, aka miƙa masa wayar tun bai sauke kaya ba. Ya daɗe yana kallo.

"Baban Salote, ka fi kowa sanina," in ji Litiana. "Zo mu je tare wata mai zuwa, ka gani da idonka."

"Ya je ya zauna kamar ɗan rakiya?" in ji Vasemaca. "Duk 'yan coci sun gani! Gobe da wane ido za mu shiga?"

Sairusi ya sunkuyar da kai. "Liti, ki bar ƙungiyar nan kawai, a zauna lafiya."

"In na bari yau, ai na yarda na yi abin da ban yi ba ke nan. Kuma wa zai sayi man?"

"Kun ji ko!" Nei ta tafa hannu. "Sai ki tafi gidan ubanki ki yi ta mitin. Amma 'yarki Salote jininmu ce, nan za ta zauna!"

Litiana ta dubi mijinta tana jiran ko kalma ɗaya ce. Sai ya kau da kai. Haka ta hau bas da 'yar jakarta, kukan 'yarta na bin ta har titi.

Zaman gidan ubanta a Navua bai yi mata daɗi ba. Ta rame, ta yi duhu. Duk wanda ya tambaye ta, sai ta ce saɓani ne, zai wuce. Ana haka Momo Isikeli ya rasu. Ta ɗauki tabarmar da a al'adarsu ake kaiwa ta'aziyya ta tafi, Vasemaca ta tare ta a ƙofa, ta nuna mata rumfar baƙi. Daga can ta hango Salote a cinyar kakarta, an hana ta tasowa. Ta yi kuka har aka zaci 'yar mamacin ce.

Duk da haka ba ta fasa zuwa taro ba. A can wata dattijuwar ƙungiyar, Madam Pushpa Naidu, ta lura da ita, ta ja ta gefe lokacin shan shayi, ta ji labarin duka.

"'Yata, akwai kamfani a Auckland, can ƙasar waje, da ke neman irinki. Kalma ɗaya zan yi. Ki tafi ki huta da mutanen nan."

"Anti, 'yata fa? Kuma wallahi har yanzu ina son shi. Tsoron uwarsa ne ya ɗaure masa baki."

Madam Pushpa ta girgiza kai. "To, in haka ne, mu yi aiki. Taro mai zuwa kowa zai kawo hajar da yake son masu saye su gani. Me za ki kawo?"

"Man gidanmu."

"Gidan da aka kore ki?"

"Gidan 'yata ne."

'Yan ƙungiya suka saka hannu. Wani ya zana mata sabuwar takardar jikin kwalba, wata ta koya mata yadda ake magana da masu sayen kayan otal. Ranar taron ta miƙe da kwalba ɗaya a hannu, ta ba da labarin Momo Isikeli, yadda yake zaɓar kwakwa da kunne, yana girgiza ta yana saurara. Ta yi ƙoƙari kada ta yi kuka, abin ya gagara. Da aka tashi, wata mata mai sayo wa wasu otal-otal na tsibirai kaya ta zo ta shafa man a hannu, ta shinshina, ta ce, "Wa zan kira?" Litiana ta ba ta lambar Sairusi.

Ranar Asabar da hantsi tana shanya, ta ga wata mota ta tsaya. Sairusi ne, da kawunnansa, ɗauke da damin saiwar kava, tsiron da a al'adarsu ake kai saiwarsa neman gafara. A bayansu Nei ce, riƙe da hannun Salote. Yarinyar ta fizge ta sheƙo wajen uwarta.

"Nana! Nana!"

Aka shimfiɗa tabarma. Sairusi ya zauna a ƙasa gaban mahaifin Litiana, ya kasa ɗaga kai.

"Matar otal-otal ɗin ta kira ni tana son man, ta ce mini, 'Matarka ta yi maganar gidanku kamar ita ta gina shi.' Liti, na ga ana zaluntarki na yi shiru. Ki yafe mini."

Nei ta matso, idonta jawur. "Ni na sa aka hana ki zama kusa da gawar mutumin da ya ɗauke ki 'ya. Wannan ba ya gyaruwa. Amma ki dawo ɗakinki."

Litiana ta shafa kan Salote, ta dube su.

"Na yafe. Amma taro ba zan daina zuwa ba."

"Ni zan riƙa kai ki," in ji Sairusi. "In suna karɓar manomi, har rajista zan yi."

Mahaifinta ya tafa hannu, ya karɓi saiwar, alamar an yafe. Vasemaca dai ba ta zo ba, kuma ta daɗe ba ta iya haɗa ido da Litiana.

Zato zunubi ne, ya raba uwa da 'yarta, ya kusa rushe gida. Wanda ya shiga cikin 'yan sana'arsa kuwa bai ɓata ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Litiana ta yi haƙuri ba tare da ta saki gaskiyarta ba, Allah kuma ya mayar mata da mijinta, da 'yarta, da mutuncinta.