Wanda Bai Bar Motarsa Ba

"Ga motarsa can, Baba... a gindin gada."

Tun kafin mahaifinta ya gama taka birki Narelle ta ɓalle ƙofa. Tsohuwar gadar jirgin ƙasa na nan yadda take, duk tsatsa, ta miƙe bisa busasshen kogi. Farar motar Fergus kuwa ta nutse cikin yashi har ciki.

Shekaranjiya ya kamata ya iso gidansu neman aurenta, ba tare da ta sani ba. A gidan mai na ƙarshe ya bar saƙo kamar yadda kowa ke yi: ga hanyar da zan bi, ga lokacin da zan isa. Wade, shugaban masu kiwon shanun mahaifinta, shi aka ba saƙon ya kai. Da ma ya daɗe yana sonta, sai ya ɓoye saƙon, mugun banza. Sai yau da safe matar gidan man ta bugo tana tambaya ko baƙo ya sauka lafiya.

"Kada ki sa rai," in ji mahaifinta, tsoho Clem, muryarsa a dashe. "Ɗan birni ne, shi ya sa na ƙi shi tun farko. Daga saman gadar nan ana hango ƙyallin rufinmu. Zai ga kamar kusa ne, ya kama tafiya a ƙafa cikin wannan zafin rana. Haka muka tsinci gawar ƙanena."

Ba ta tsaya ji ba. Ta ruga ta leƙa motar.

Babu kowa.

Ta zube cikin yashi mai ƙuna.

"Narelle... kin makara fa."

Daga bayan motar muryar ta fito, ƙarƙashin wani bargo da aka ɗaura ya zama rumfa. Ga Fergus kwance, leɓɓansa sun tsage, rungume da gora mai ɗan guntun ruwa. Can gefe ga tayar da ya ƙona don a hango hayaƙi.

Ta faɗa kansa tana kuka tana dukan ƙirjinsa.

"Me ya kawo ka ƙasan gada, mahaukaci?"

"Ke kika ce a nan babanki ya nemi auren marigayiya mamarki. Na ce bari in ga wurin, ko in samu ƙwarin gwiwa."

"Ai ka samu."

"Na hau sama na hango rufinku, masoyiya. Sau uku ina ɗaura takalmi."

"To me ya hana ka?"

"Ke mana. Kin ce ko me ya faru kada in bar mota. Har kin ce in na bari, ko na rayu ba za ki aure ni ba."

Ita wallahi cikin wasa ta faɗa, suna shan shayi a birnin Adelaide. Ta kama tafin hannunsa ta manna a fuskarta. Tunda take ba ta taɓa jin godiya irin ta yau ba, har ta rasa wa za ta fara yi wa.

"Na gode... na gode da ka ji maganata."

Clem ya zagaya motar a hankali. Ya dubi rumfar, ya dubi tokar tayar, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon gadar. Sannan ya tsuguna, ya ɗora wa Fergus bakin jarkar ruwa.

"Kaɗan-kaɗan, yaro. Wade kam yau zai tattara kayansa."

"Na gode, Baba."

"Tuƙi dai ba ka iya ba, ko kaɗan. Amma kana jin magana. Ni shekara talatin uwarta ta yi tana fama da ni a kan haka."

Ya cire hularsa mai faɗi ya kifa wa Fergus a ka, ya goge ido da bayan hannu.

"Abin da ka zo tambaya, tambaye ni a nan. Wurin ya saba."