Gilashin da Ya Koma Rawaya

Ranar da Mu'minat ta fara ganin Kamilu, yana bisa rufin zaurensu a Lambara, sai zufa yake yi, yana jera wasu ƙananan gilasai baƙaƙe.

"Malam, mi kake nema bisa?"

"Rana nake nema, ga shi kuma na samu biyu."

Ta ja mayafi tana dariya. Mutumin Boɗinga ne, ɗalibi mai binciken sabon gilashin sola da ake kira ferobsikait, mai arha ƙwarai, sai dai bai jimre zafi. Mahaifinta Malam Manu ne ya ara masa rufin don gwaji. Gwaji kuwa ya yi gwaji, don kullum sai Kamilu ya samo dalilin dawowa, har ya zama "Yayana", ita kuma "Hasken Lambara".

Da bazara ta kankama, ya sauko da gilasan, duk sun koma rawaya. Mu'minat ta ƙura musu ido. Haka idanun mahaifiyarta suka koma lokacin da shawara ta kama ta, har ta tafi da ita. Malam Manu ya kalla sau ɗaya, ya kau da kai.

"Kwashe abin ga. Kai da shi, kada in sake ganin ku gidana."

Wayyo, Mu'minat ta sha kuka! Ko ta rufe ido, rawayar nan take gani. Ta daina ɗaga wayarsa, shi kuwa ya ɗauka ta guje shi ne don aikinsa ya lalace. Sai da ta rubuta masa labarin Innarta, amsa ta zo:

"Haskena, wallahi ban sani ba, ki yafe mini. Shimfiɗar da ke kwashe wuta daga gilashin ce mai taushi, zafi ya lalata ta, danshi ya shiga. Na canza ta da tsatsar ƙarfen nikel, mai arha, mai taurin dutse. Zan aiko miki sababbi, ki taimake ni ki aza su cikin rana kawai."

Ta karɓi sababbin, ta ɗora su bisa rumfar albasa a ɓoye. Kowace safiya sai ta leƙa ta ga ko sun koma rawaya. Damina ta zo ta wuce suna nan baƙi ƙirin.

Ashe tsohon ya daɗe da ganin su, shi ma leƙawa yake yi. Wata rana ta same shi tsaye a gabansu, idanunsa sun cika.

"Ce wa yaron ga ya turo magabatansa."

A Shagari aka ɗaura aure, a ƙofar gidan baffanta. Da za a tafi da amarya, Malam Manu ya riƙe hannun ango.

"Ita kaɗai ta rage min, Kamilu. Yadda kake duba gilashinka, ka riƙa duba min ɗiyata. Allah shi yi muku albarka."