Tsirkiyoyi a Tukunyar Mimi

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni karatu na iya, ban taɓa rubuta abin da wani zai gani ba. Da labarin wasu ne da na ja bakina. Amma na Tiwi ne, 'yar ƙanwar mahaifiyata, ita kuwa ba za ta taɓa ba da shi da bakinta ba. Inda kuka ga na yi tuntuɓe ku ɗauke kai.

A wani biki ne abin ya faro, a ƙauyen bayan garin Indramayu, da hantsi. Kartiwi, wadda kowa ke ce wa Tiwi, ta shiga rumfar girki ɗebo ruwan shayin baƙi. Mahaifiyarta Casinih, wadda kowa ke kira Mimi, wato Inna, ita ke dafa abincin bukukuwan yankin, kuma ko kaza ba ta isa ta raɓi tukwanenta ba.

Sai ga wani dogon saurayi tsugune gaban murhu, yana juya tukunyar shayin da tsinke. A ciki wasu wayoyin ƙarfe ne guda huɗu a nannaɗe suna ta tafasa.

"Kang, me kake dafawa?" in ji Tiwi, don a wajenmu da Kang ake kiran namijin da ya girme ka.

Ya amsa kansa a sunkuye.

"Ɗago ka dube ni in za ka yi magana. Bakinka nake karantawa."

Tun tana ƙarama zazzaɓi ya tafi da yawancin jinta. Tana da na'urar kunne, amma a wurin biki cire ta take yi, don hayaniyar tana sukar ta kamar allura.

Ya ɗago, ya maimaita a hankali. "Tsirkiyoyin jitata ne. Gumi da maiƙon hannu sun kashe musu murya. In aka tafasa su sai su farfaɗo."

"A tukunyar Mimi?"

"Wace ce Mimi?"

Bai rufe baki ba amsar ta iso da ludayi a hannu.

"Kai ɗan gidan waye? Baƙin mutane shayi za su sha ko tsatsa? Ka ga na yi maka kama da mai walda?"

"Ki yi haƙuri, Mimi, na ga ruwan yana tafasa a banza ne…"

"A banza! Kwashe tsiyarka ka ba ni wuri!" Ta ture tukunyar gefe da ƙafa. "Ba zan ƙara dafa wa ɗan Adam komai a cikinta ba."

Ya tsamo wayoyinsa yana yarfe yatsu, ya fice ya shanya su a kan rufin kwano. Tiwi ta cusa fuskarta cikin mayafi tana dariya har da hawaye.

Bayan azahar makaɗa suka hau dandamali. Teburin da Tiwi ke yanka albasa a jingine yake da katakon bayansa. Ta saba da girgizar lasifika, duk bukukuwa iri ɗaya ce a wurinta, kamar babbar mota na wucewa. Amma ranar, da ta ɗora tafinta a teburin, sai ta ji wani abu dabam. Abu ne mai nauyi da taushi, yana tafiya taku bayan taku, ya tsaya kamar mai jan numfashi, ya ci gaba.

Ta ajiye wuƙa ta leƙa ta tsagar labule. Can baya, inda ba mai kallo, saurayin nan mai miyar waya ne rungume da wata tsohuwar jitar bas, irin mai kaurin murya, da fentinta ya koɗe, idonsa a rufe.

Darmaji sunansa, Maji ake ce masa. Da aka tashi ya zo ba da haƙuri, Mimi ta ƙi kallonsa, sai ya ɓuge da nuna wa Tiwi jitar.

"Ƙirar Japan ce, ta girme ni nesa ba kusa ba," in ji shi, yana kula kada ya juyar da fuskarsa. "A kasuwar tsofaffin kaya ta Cirebon na tsinto ta, cikin kayan wani makaɗin jirgin ruwa da ya rasu. Duk ta yi fumfuna, wuyanta ya lanƙwashe. Rani guda na yi ina juya ƙarfen cikin wuyan kaɗan-kaɗan. In ka yi mata gaggawa sai ta tsage."

Tiwi ta nuna wani ƙulli a cikin jakar jitar. "Wannan ƙunshin fa?"

"Ɗanyar shinkafa ce, tana shanye mata danshi. Da damina sai in kwana da yunwa ita ba ta rasa tata ba."

Ta ɗora tafinta a jikin katakon, ya ja tsirkiya mafi kauri. Ta lumshe ido, sannan ta nuna ƙirjinta. "Nan take sauka."

Daga ranar wayar salula ta zama musu zaure, yana ce mata Nok, kamar yadda muke kiran 'ya mace.

*Nok Tiwi, yau a garin Jatibarang muke. Ba mai dafa shayi a nan, haka zan buga da matattun tsirkiyoyi.*

*Allah ya ƙara, Kang mai miyar waya. Mimi ta ce in ta sake ganin ka kusa da murhu kai za ta tafasa.*

*Na yarda, in dai ke za ki juya tukunyar.*

Wata rana kuma ta rubuta masa: *Yau ranka a ɓace yake. Takunka ya yi sauri.*

*Wa ya gaya miki?*

*Teburi.*

Ya karanta saƙon ya amsa. *Shekaru ina bugawa a bayan mutane, ba wanda ya taɓa sanin ina nan sai in na yi kuskure. Na gode wa Allah da ya ba ni ke, Kunnena.*

Duk bikin da suka haɗu, shi da kansa yake jan teburinta ya manna da dandamali. Yayu Lilis, wato Yaya Lilis, mawaƙiyarsu mai rigar walƙiya, takan taɓe baki.

"Maji, kai fa abin dariya ne. Ga mu nan da kunnuwanmu ba ka kula mu, sai wadda ko tsawa ba ta ji?"

"Yayu, ke da kunnuwanki biyu jiya sau nawa kika shigo waƙa kafin lokaci?"

Da maganar ta kai ga Mimi, ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba Tiwi tsoro ke nan. Ta zaunar da ita ta riƙe haɓarta don ta ga bakinta sosai.

"Nok, ba tukunya ce damuwata ba. Mutumin nan da kunne yake cin abinci. Yau daɗi yake ji, gobe zai so matar da za ta ce masa kiɗanka ya yi daɗi. Ga 'yan mata irin su Lilis a gabansa kullum. Ni na yi jinyarki, ba zan miƙa ki inda za a gaji da ke ba. Ga Sukirno mai agwagi ya aiko neman aurenki, gidansa shiru, shi ma ba mai surutu ba ne."

"Mimi, ina jin sa fa."

"Ba kya ji, 'yata. So ne yake yi miki ƙarya."

Abin da Tiwi ba ta sani ba, Mimi ta tare Maji a bayan rumfa. Ta ce masa ya zaɓa, ko kiɗa ko 'yarta, kuma kada ya ƙara damun yarinyar da waya sai ya yanke shawara.

Saƙo ɗaya ya ƙara shigowa. *Kunnena, ki ba ni lokaci. Kada ki tambaye ni komai.*

Ta rubuta, ta sake rubutawa, shiru. Mata masu wanke-wanke kuma suka fara cewa Lilis za ta koma Jakarta, kuma da mai jitar bas za ta tafi. Tiwi a leɓensu ta karanta, ba su ma san tana kallo ba. Ta rame. Sukirno ya aiko da kwandon ƙwai, ta yi godiya, ba ta ci ba.

Da aka yi girbi bukukuwa suka dawo. A wani gida aka gayyaci makaɗan su Maji, Mimi ke girki. Ba wanda ya ja teburi, Tiwi ta ja abinta da kanta. Labule a sake, ta ba dandamali baya, mahaifiyarta na gefenta tana yanka nama.

Aka fara. Fuskar Tiwi ta haskaka, don nauyin tsohuwar jitar ne ya taso ta cikin katako. Amma kafin a kai ko'ina sai ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi.

"Jitarsa ce, Mimi. Amma ba shi ba ne."

"Ke kuma ina kika sani?"

"Wannan dukan ta yake yi. Kang Maji lallashin ta yake." Hawaye suka zubo mata. "Ba ya ba kowa ita ko riƙewa. In har ya rabu da ita, to ya tafi ke nan."

Mimi ta saurara da kunnuwanta lafiyayyu, ba ta ji bambancin komai ba. Ta tashi ta ɗaga labulen. Jitar ce mai koɗaɗɗen fenti, a hannun wani gajeren mutum mai gashin baki.

Ta saki labulen. Sannan ta kwance ɗan zanen girkinta, ta hau dandamali a tsakiyar waƙa, Lilis na kallon ta baki buɗe.

"Ina mai wannan abin?"

"Ai ya bar kiɗa, Mimi," in ji gajeren. "Ya ce in riƙe ta. Yana injin casar shinkafa na bakin titi yana ɗaukar buhu."

A can ta same shi, fari fat da dusa har gira, yatsunsa sun farfashe.

"Kai wane irin sakarai ne? Na ce ka zaɓa, ban ce ka kashe mini 'ya ba!"

"Ai na zaɓa, Mimi. Jira nake in zama mutumin da za ki yarda da shi, sannan in zo."

"To ban yarda da wannan mai kama da fatalwa ba. Je ka karɓo jitarka, wancan mai gashin bakin dukan ta yake yi." Ta sassauta murya. "Tiwi ta gane ba kai ba ne, bayanta a juye. Ni uwarta ban san tana da wannan kunnen ba. Ka turo manyanka."

Kafin Mimi ta dawo rumfa wayar Tiwi ta girgiza.

*Kunnena, ban je ko'ina ba. Ki yafe mini shiruna. Ja teburinki, ga ni nan.*

*Ka wanke hannu kafin ka taɓa ta,* ta amsa tana kuka tana dariya.

Ranar aurensu Mimi da kanta ta yi girki, ta ƙi yarda kowa ya karɓe ta. Cikin kayan amarya, tsakanin sababbin kwanuka, ga tsohuwar tukunyar shayi an goge ta tana ƙyalli.

"Taka ce," ta ce wa ango. "Ka dafa wayoyinka a ciki. In na gan ka kusa da sauran, ka san ni."

Maji ya durƙusa ya sumbaci hannunta, yana ta maimaita "Na gode, Mimi."

A al'ada ango ba ya kiɗa a bikinsa, amma da la'asar ta yi ya sauko daga kujera ya saɓa jitarsa. Tiwi ta zare takalmanta ta tsaya a kan katako da tafin ƙafa, adon furanninta na rawa. Yayu Lilis, da ba ta je Jakarta ba, ta riƙe makirfo ta ƙi shigowa waƙa, ta bar shi shi kaɗai. Tsofaffi suna ta sa albarka, Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jin magana.

A bayan labule na hango Mimi. Ta waiga hagu da dama, ta goge hannunta a zane, ta ɗora shi a kan teburin albasa, ta rufe ido. Leɓenta na motsi, ni ma na iya karanta wannan, alhamdulillahi take cewa.

Ban so ta san na gani ba. Na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta bayan tukwane na sulale.