Harafin da Yaro Ya Zana a Kan Rabin Dala

A garin Pueblo akwai wani yaro ɗan aji biyar. Yana da ƙoƙari, amma yana jin kunyar yin tambaya a cikin aji.

Ranar Litinin, Malama Whitcomb ta kafa babbar taswirar ƙasa a jikin allo.

Ta ce, "Ranar Juma'a iyaye za su zo kallon aikinmu. Duk mai tsohuwar tsabar rabin dala a gida ya aro ta. A jikin tsaba akwai ƙaramin harafi da ke nuna garin da aka buga ta. D na nufin Denver. S na nufin San Francisco. Za mu ɗora kowace tsaba a kan garinta."

Ta ci gaba da bayani. Amma dusar ƙanƙara ta fara sauka, hankalin yaron ya koma taga.

Da ya isa gida, ya gaya wa mamansa. Ta buɗe akwati, ta ciro wata tsabar azurfa a naɗe cikin ƙyalle. A gabanta akwai hoton mace tana tafiya, a bayanta kuma gaggafa.

Mama ta ce, "Ta kakarka ce. A shekarar da aka haife ta aka buga ta, 1942. Ka riƙe ta da kyau."

"To, Mama."

Washegari a motar makaranta yara suka fito da nasu. Tobias, abokin zamansa, ya nuna wani ɗan harafi a gaban tasa, kusa da shekara.

Ya ce, "Ka ga D ɗina? Ina naka?"

Yaron ya juya tasa, ya sake juyawa. Bai ga komai ba.

Tobias ya yi dariya. "Kai, taka ba ta da gari! Ko a kicin ɗinku aka soya ta?"

Yara suka fashe da dariya. Yaron ya cusa tsabar cikin aljihu. Da Malama ta ce a kawo, sai ya ce ya manta da ita a gida.

Da yamma ya shiga garejin babansa. Ya samo siririyar ƙusa. Ya danne tsabar a kan teburi, ya yi ta karta har ya fitar da D kusa da shekarar. Harafin ya ɗan karkace, amma ya ce a ransa babu mai ganewa.

Ranar Laraba ya miƙa wa Malama. Ta ɗauki gilashin da ke ƙara girman abu, ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce ya tsaya idan an fita tara.

Da ajin ya watse, ta ce, "Zo ka shafa ta Tobias. Me ka ji?"

"Harafin ya ɗan taso, Malama."

"Shafa taka."

Ya shafa. "Ya lotsa ciki."

"Harafin gaske tare da tsabar ake buga shi, shi ya sa yake tasowa. Kuma irin wannan tsaba, ta wannan shekarar, a baya take da harafinta, ƙasa da gaggafa, kusa da baki. Wa ya zana wannan?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Ni ne."

"Me ya sa?"

"Kowa yana da harafi, ban da ni."

Malama ta nuna masa taswirar. Tsabobi sun cika Denver har sun hau juna. San Francisco tana da guda biyu. Can gabas kuma akwai wani gari da babu ko ɗaya.

Ta ce, "Wannan Philadelphia ce. A wancan zamani ba ta sa harafi. Tsohuwar tsaba irin taka, idan babu harafi, daga can ta fito. Na faɗa ranar Litinin. Mu muna kusa da Denver, shi ya sa D ta yi mana yawa. Irin taka nake ta jira."

Idanun yaron suka cika da hawaye. "Za a iya gogewa, Malama?"

"A'a. Abin da aka karta a azurfa ya zauna ke nan."

A gida ya kasa cin abinci. Mama ta dube shi.

"Lafiya? Ga taliyar da kake so, ko taɓawa ba ka yi ba."

Ya ajiye tsabar a gabanta, ya faɗa mata komai. Mama ta ɗauka, ta shafa wurin da yatsa.

Ta ce, "Abubuwan mahaifiyata da suka rage mini ba su da yawa. Ka ɓata mini rai."

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Me ya hana ka tambaye ni, ko ka tambayi malamarku?"

"Na ji tsoron a yi mini dariya."

"Dariyar minti ɗaya ce. Wannan tabon kuwa ba zai tafi ba. Na yafe maka, tun da ka faɗi gaskiya da bakinka. Ci abincinka."

Ranar Juma'a Malama ta tambaye shi ko ya yarda a ɗora tsabar a taswira. Ya ce ya yarda, amma shi zai yi bayani.

Iyaye suka taru. Yaron ya ɗora ta a kan Philadelphia. Ya ce, "Wannan D ɗin ba na gaske ba ne. Ni na zana shi, don ban san rashin harafi ma alama ba ce."

Sannan ya nuna musu bambancin harafin gaske da na jabu. Wani dattijo ya karɓi gilashin, ya duba, ya ce yau ya ƙaru. Tobias ya matso kusa da yaron.

Ya ce, "Ashe taka ce ta fi yin tafiya mai nisa. Ka yi haƙuri da maganar kicin."

Mama ta tafa masa tare da sauran iyaye.

Tun daga ranar, idan bai gane abu ba, sai ya ɗaga hannu. Ya koyi cewa tambaya ba abin kunya ba ce, kuma wanda ya yi ƙarya don ya zama kamar kowa yana iya lalata abin kirkin da ke hannunsa.