Sisin Gwal a Gefen Hijabi

Ranar Talata ce, ranar da shanu ke cika Mubi, Hamsatu ta fara tsayawa a gaban rumfar Shafi'u. Ta kwance bakin ƙyalle, ta zube tsofaffin sulallan azurfa shida a kan gilashi, irin waɗanda matan Fulani ke ratayawa a kitso.

"Na kakata ne. Ba sayarwa zan yi ba, so nake in san ko na gaske ne."

Shafi'u ya ɗago kai ya dube ta, sannan ya yi saurin mayar da idonsa kan sikeli. Shekara huɗu ke nan yana saye da sayar da gwal da azurfa a rumfar kawunsa, tun da ya gama Poli, bai taɓa ganin wanda ya zo don ya sani kawai ba.

Ya goga kowane sule a kan baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan gwaji, ya auna.

"Biyar azurfa ce. Na shidan dalma ce aka wanke da ruwan azurfa."

"Wato shekara arba'in kakata tana yanga da dalma?"

"Tunda ba wanda ya gwada, ai kowa ya ga azurfa."

Ta yi dariya har ta rufe baki da gefen hijabi. "Nawa ne ladanka, Malam Gwaji?"

"Lambar waya. Ko zan gano na yi kuskure."

"Mai irin wannan bakin yana kuskure kuwa?"

Amma ta bayar.

Kafin damina ta yi nisa, saƙonni sun zama abincinsu.

"Karat ashirin da huɗu tawa, yau na auna gwal ya fi sau talatin, duk wanda na ɗora sai in ga bai kai murmushinki ba."

"Malam Gwaji, ka rage daɗin baki. Ni ma fa ina gwada ka, kuma har yanzu ban gama gogawa ba."

Mahaifinta, Baffa Hammanjoda, dillalin shanu ne da ke zaune a Shuware. A farkon 2014, da hare-hare suka yawaita ta wajen Madagali, ya sayar da shanu talatin ya sayi sandunan gwal biyu a hannun amininsa Alhaji Ishiyaku. Dabarar ba ta da laifi. Saniya ba ta shiga aljihu ranar gudu. Laifin ɗaya ne, bai gwada ba.

Haka muke. Mutum zai buɗe bakin bijimi ya duba haƙoransa, ya matsa ƙafarsa, ya zagaya shi sau uku. Amma ya zuba gumin shekara talatin a kan ƙarfen da bai sani ba, wai don kada aboki ya ce an zarge shi. Mu kira wannan kunya, mu yi ta yabon kanmu.

Ranar da Shafi'u ya je gaisuwa, ya tarar da zauren cike. Alhaji Ishiyaku na zaune a kan buzu, ɗansa Ridwan na gefe, wanda shi ma ya daɗe yana aika wa Hamsatu turare. Baffa ya karɓi Shafi'u da fara'a, ya shiga ciki ya fito da sanda ɗaya naɗe a cikin rawani.

"Kai mai sana'a ne. Riƙe ka ji nauyin shanuna."

Shafi'u ya karɓa. Hannunsa ya gaya masa tun kafin idonsa. Gwal mai wannan girman ya kamata ya ja hannu ƙasa, wannan kuwa bai ja ba.

Da mai haƙuri ne, da ya jira zaure ya watse. Shafi'u bai jira ba.

"Baffa, an gwada wannan kuwa? Bai kai nauyi ba. Ka bar ni in ɗan kankare gefensa da magagari."

Alhaji Ishiyaku ya ajiye kofin shayinsa.

"Hammanjoda, yau a gidanka ake ce mini ɓarawo?"

Baffa ya karɓe sandar, ya naɗe ta a hankali. "Yaro, tun ba a haife ka ba muke cin tuwo a akushi ɗaya da wannan mutumin. Ƙofar da ka shigo, tana nan a buɗe."

Da yamma saƙonta ya shigo.

"Ko gaskiya ce, ba a gaban mutane ba, Shafi'u. Baffa ya ce kada ya ƙara jin sunanka. Na kasa cin abinci."

"Na yi gaggawa, na sani. Amma ba zan ce tagulla gwal ba ce, ko da don in same ki. Ki yafe mini. Zan jira."

Wata uku ba su haɗu ba. In ta biyo ta layin rumfarsa a Keke Napep, sai ta juya kai, shi kuma ya bi keken da ido har ya sha kwana.

Sai ranar Laraba ta ƙarshen Oktoba ta zo. Da hantsi aka fara jin harbi, kafin azahar gari ya fashe. Shafi'u ya ɗora mahaifiyarsa a motar maƙwabci mai bin hanyar Yola, ya ce su jira shi minti goma. Ya yi gudu yana kutsawa cikin jama'a har ya cimma su Hamsatu a hanyar Sahuda. Baffa na can gaba, yana riƙe da Dada, mahaifiyarta.

Ya kama hannun hijabinta, ya danƙa mata wani abu mai sanyi.

"Sisin gwal ne. Shekara biyu ina tara shi giram-giram. Sadakinki ne."

"Baffa bai karɓa ba, ni ma ba zan karɓa ba."

"To ajiya ce. Riƙe mini har mu haɗu."

"In ba mu haɗu ba fa?"

"Hamsatu, tafi!"

A Bukula, bayan sun tsallaka iyakar Kamaru da kumburarrun ƙafafu, ta ari allura ta ɗinke sisin a gefen hijabinta. Daga nan mota ta kai su Garwa, gidan wani ɗan'uwan Baffa, mutum goma sha ɗaya a ɗaki biyu. Layinta ya daina aiki.

A Jimeta, Shafi'u ya ci gaba da aika saƙo zuwa lambar da ya san a kashe take.

"Yau kwana tara. Na zaga makarantu uku da aka sauke mutanen Mubi. Duk mai hijabi ruwan toka sai na sha gabanta."

"Kwana ashirin. An ce sojoji sun koma gari. Ban damu da rumfa ba. Ki ce mini kina numfashi, shi ke nan."

"Kwana talatin da huɗu. Na ga wata tsohuwa da sulallan azurfa a kitsonta, na kasa auna komai har la'asar."

Ridwan, wanda shi da mahaifinsa ma a Garwa suka sauka, ya zo mata da labari. Wai an ga Shafi'u a Jimeta da sikeli, yana karɓe ɗankunnen mata 'yan gudun hijira a rabin kuɗi. Kwana biyu maganar na cin ta, a na uku ta ari waya ta kira.

"Da gaske kana sayen ɗankunnen mata?"

Sai ta ji yana shessheƙa.

"Kina raye. Alhamdu lillahi, kina raye."

"Amsa mini."

"Ko giram ban saya ba. A bakin layin 'yan gwal nake zama, in auna wa mace kayanta kyauta, in rubuta mata farashin ranar a takarda kafin ta shiga. Sau biyu 'yan gwal suka kore ni daga wurin. Ki tambayi Goggo Binta maƙwabciyarku, jiya na auna mata awarwaro."

Hamsatu ta jingina da bango, ta shafa gefen hijabinta. "Ajiyarka tana nan. Kullum sai na taɓa ta kafin in yi sallar asuba."

A wannan makon wani tsohon ciwon Dada ya tashi, asibiti suka ce sai an yi aiki. Baffa ya ɗauki sandunansa, ya ce Hamsatu ta raka shi kasuwa saboda ta fi shi lissafi. Mai sayen gwal da suka samu bai tambayi wanda ya sayar musu ba. Ya sa magagari ya kankare gefe, ya ɗiga ruwa. Wurin ya yi kumfa, ya koma kore. Ta biyun ma haka.

Baffa ya zauna a ƙasa, a tsakiyar kasuwar da ba wanda ya san shi. "Shanu talatin," ya ce.

Hamsatu ta durƙusa, ta sa haƙori ta tsinke zaren hijabinta, ta ɗora sisin a tafinsa.

"Daga ina?"

"Na Shafi'u ne, Baffa. Ranar gudu ya ba ni."

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa wa mai gwal. "Kankare wannan ma."

Aka kankare, aka ɗiga. Launin bai motsa ba.

Da kuɗinsa aka yi wa Dada aiki. Washegari Alhaji Ishiyaku ya kai nasa sanduna huɗu, duk suka koma kore. Ashe shi ma a hannun wani baƙo ya saya, bai gwada ba don baƙon ya zo da sallamar surukinsa.

Sun dawo Mubi a watan Maris. Da layinta ya kama, saƙonni sittin da ɗaya suka shigo a jere, ta zauna a dandaɓar ɗakinsu da aka ɓalle wa ƙofa tana karantawa tana kuka.

Baffa da ƙafarsa ya je kasuwa. Ya tarar da Shafi'u yana share toka a inda rumfarsu take a da.

Shafi'u ya yar da tsintsiya ya durƙusa. "Baffa, na yi maka rashin kunya a gaban baƙinka. Ka yafe mini."

"Ka yi, kuma ban manta ba. Amma tashi. Ni ma na zo da nawa laifin. Na cinye sadaki tun ba a ɗaura aure ba."

"Wancan ajiya ce, Baffa, kuma ta yi aikinta. Sadaki haƙƙin Hamsatu ne. Sai dai yanzu abin da nake iyawa rubu'in dinari ne, giram ɗaya da 'yan kai."

"Kawo shi. In na gaske ne, ya isa."

Aka ɗaura aure ranar Asabar a ƙofar gidan Baffa. Da kawun ango ya miƙa ɗan gwal ɗin, wanda bai fi ƙwayar masara ba, sai Baffa ya ɗaga hannu ya dakatar da liman. Ya zura hannu a aljihu ya fito da baƙin dutse da 'yar kwalba.

Jama'a suka fashe da dariya. Alhaji Ishiyaku ya matso ya riƙe masa kwalbar.

"Goga sosai, Hammanjoda. Kada ka ji kunyar kowa."

Ya goga, ya ɗiga, ya ɗaga dutsen sama kowa ya gani. "Na ba shi auren Hamsatu. Allah Ya sa albarka, Ya zaunar da su lafiya, Ya zaunar da garinmu."

Aka shafa fatiha. Wayar ango ta motsa a aljihu.

"Malam Gwaji, na gama gogawa. Ba ka canza launi ba."